Yadda haske ya tona asirin ƙishirwa a cikin ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa azumtar Ramadan a Makka a shekarun da watan ya faɗo tsakiyar zafi ya san cewa ƙishirwar da mutum ya yini yana fama da ita, kusan awa 15, takan mutu tun ladan bai ƙare kiran sallar magariba ba. Mutum ya ci dabino, ya kurɓi Zamzam mai sanyi makwarwa biyu ko uku, sai ya ji maƙogwaro ya saki, hankali ya dawo jiki. Sabo ya sa ba ma ganin abin tambaya a nan, alhali kuwa akwai shi babba. Ruwan da aka haɗiya sai ya sauka ciki, ya wuce hanji, hanji ya tsotse shi, sannan ya shiga jini ya tsinka shi, kuma wannan tafiya ba ta cika nuna alama a jini kafin minti 10 ba, kammaluwarta ma ta fi haka jinkiri. Idan abin da ke jawo ƙishirwa shi ne yawan gishiri a jini, kamar yadda aka koya mana a makaranta, to me ya kashe ta tun jinin bai ga ko ɗigo ba?

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a nan Makka shi ne auna irin wannan gishiri, wato sodiyam, a jinin marasa lafiya. A jinin mai lafiya adadin yana tsakanin 135 da 145, kuma a kwanakin Hajji mukan ga na wasu alhazan da aka kwaso daga Mina ko Arfa ya haura haka. Na'urarmu tana faɗin halin da jini yake ciki daidai wa daida, amma ba ta da ta cewa game da abin da mai jinin yake ji, kuma sau da yawa su biyun ba sa tafiya tare. Bayanin da ya gamsar da ni a kan wannan saɓani ya fito ne daga ɗakunan binciken ɓeraye, ta hanyar wata fasaha da ke amfani da haske domin a ga ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna aiki, a kuma kunna su ko a kashe su a daidai lokacin da aka so. Ɓangaren kunnawa da kashewar shi ne masana ke kira oftojenetik.

An daɗe da sanin unguwar da ƙishirwa take zaune. A farkon shekarun 1950 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Bengt Andersson ya riƙa ɗiga ruwan gishiri ɗan kaɗan a wani lungu na can ƙasan ƙwaƙwalwar awaki, sai akuyar da ta riga ta ƙoshi ta kafa kai a bokiti ta yi ta sha har abin ya wuce misali. Daga baya ya samu irin wannan sakamako da siririyar waya mai ɗauke da lantarki. Binciken da ya biyo baya ya taƙaita wurin zuwa wasu 'yan gaɓoɓi uku da ke jere a bangon ɗaya daga cikin ramukan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, biyu daga cikinsu ba su da shingen nan da ke raba jini da sauran ƙwaƙwalwa, saboda haka suna ɗanɗana jinin kai tsaye. Abin da ya gagara shi ne sanin su wane ne a cikin unguwar suke yin aikin. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma a ɗan yankin da bai fi kan allura ba akan samu dubbai, iri daban-daban a cakuɗe, wasu aikinsu zuga maƙwabtansu, wasu aikinsu kwantar da su, ga kuma zaruruwan jijiya da suka ratso ta wurin kawai a kan hanyarsu ta zuwa wani gefe. Lantarki ba ya zaɓe, duk wanda ke kusa da bakin wayar sai ya taɓa shi. Ko da an mayar da wayar ta saurare kawai, aka ji wata ƙwaya tana motsi a lokacin ƙishirwa, wannan bai tabbatar da cewa ita ta haddasa ta ba. Francis Crick, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano siffar sinadarin gado a 1953, ya rubuta a 1979 cewa abin da ilimin ƙwaƙwalwa ke buƙata shi ne hanyar sarrafa nau'i ɗaya na ƙwayoyin jijiya ba tare da an taɓa sauran ba, kuma a 1999 ya ambaci haske a matsayin abin da ya fi dacewa, yana mai amincewa da cewa maganar tana kama da mafarki.

Mafita ta fito daga inda masana ƙwaƙwalwa ba sa dubawa, wato daga gansakuka. Akwai wata halitta mai ƙwaya ɗaya tal, koriya, da ke rayuwa a kududdufai da ƙasa mai danshi, ana kiran ta Kilamidomonas. Tana da gashi biyu da take iyo da su, da wani ɗan tabo mai ruwan goro da take gane inda haske yake da shi, domin ta matsa kusa da shi ko ta guje masa idan ya yi yawa. Peter Hegemann a Jamus ya shafe shekaru tun daga shekarun 1980 yana neman sanin yadda wannan tabo yake aiki da sauri haka. A 2002 da 2003, shi da Georg Nagel da Ernst Bamberg suka nuna cewa sirrin wani furotin ne guda da ke zaune a fatar ƙwayar, wanda shi ne mai karɓar hasken kuma shi ne ƙofar: shuɗin haske na faɗa masa sai ya buɗe, sodiyam da makamantansa su kwarara ciki, haske na ɗaukewa sai ya rufe. Sun tabbatar da haka ne ta hanyar dasa ƙwayar gadon furotin ɗin a cikin ƙwan kwaɗo suka haska shi. Sunansa canalrodofsin. Muhimmancin abin shi ne, kwararar sodiyam cikin gaggawa ita ce ainihin yadda ƙwayar jijiya take harba saƙonta. A watan Agusta na 2004, a ɗakin binciken Karl Deisseroth, likitan taɓin hankali a Jami'ar Stanford ta Amurka, Edward Boyden ya haska ƙwayar jijiyar da aka dasa wa wannan furotin, ta kuwa harba, walƙiya ɗaya saƙo ɗaya, cikin 'yan kaso kaɗan cikin dubu na daƙiƙa ɗaya. Su biyun tare da Feng Zhang da Nagel da Bamberg suka wallafa sakamakon a 2005. Wani masani mai suna Gero Miesenböck ya riga su nuna cewa ana iya sarrafa jijiya da haske, har ya sa ƙananan ƙudaje suna kaɗa fukafukai da walƙiyar lesa, amma hanyarsa tana buƙatar haɗa abubuwa da yawa, ta gansakuka kuwa furotin ɗaya ya wadatar.

Ga yadda ake yin aikin a kan ɓera. Ana ɗora ƙwayar gadon furotin ɗin a cikin wata bairas da aka cire wa ikon haddasa cuta, a ɗaura mata wani sharaɗi na gado da ba ya barin ta yi aiki sai a cikin nau'in ƙwayar da ake nema, a yi allurarta a daidai wurin, a dasa zaren gilashi mai kaurin da bai kai rabin milimita ba, ɗan uwan wanda ke kawo intanet gidajenmu, sannan a jira makonni kaɗan ƙwayoyin su ƙera furotin ɗin da kansu. Wanda ya taɓa zama a Mina zai gane hikimar nan da nan. Idan aka yi shela da Hausa a lasifika, sautin yana shiga kunnen Baturke da ɗan Indonesiya da Bafarishe duka, amma Bahaushe ne kaɗai zai miƙe ya nemi takalminsa. Hasken ma yana wanke duk ƙwayoyin da ke gaban zaren, amma waɗanda aka dasa wa furotin ɗin ne kaɗai suke amsawa.

Na'urar kashewa kuma daga tafkin kanwa ta fito. A Wadin Naɗrun da ke Masar, inda mutanen Fir'auna suke ɗebo kanwar da suke busar da gawa da ita, akwai wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ruwan da gishiri da kanwa suka yi wa katutu. Tana da wani furotin, halorodofsin, wanda idan rawayan haske ya taɓa shi yakan riƙa tura kuloraid, abokin sodiyam a cikin gishiri, cikin ƙwaya, kuma a cikin ƙwayar jijiya wannan yana sa ta yi tsit. An fara amfani da shi haka a 2007. Dangin waɗannan furotin ɗin tun 1971 Dieter Oesterhelt da Walther Stoeckenius suka gano na farkonsu, ba tare da tunanin ƙwaƙwalwa ko kaɗan ba. Wannan ne ya sa idan na ji ana binciken ƙananan halittun da ke zaune a tafkunan gishiri na ƙarƙashin Bahar Maliya a Jami'ar Sarki Abdullah da ke Suwal, arewa da Jidda, ba na cikin masu cewa ɓarnar kuɗi ce.

Sauran rabin fasahar shi ne gani. Akwai wata halittar teku da mutanen Jidda ke kira ƙandilul bahar, kuma wani nau'inta da ke gaɓar yammacin Amurka yana fitar da koren haske. Osamu Shimomura ya ciro furotin ɗin da ke yin wannan, ya ba da rahotonsa a 1962, kuma aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 2008 tare da Martin Chalfie da Roger Tsien. A 2001 Junichi Nakai da abokan aikinsa a Japan suka haɗa wannan koren furotin da wani mai kama kalsiyam, suka samar da abin da ake kira GCaMP. Duk lokacin da ƙwayar jijiya ta harba saƙo, kalsiyam yana shiga cikinta, shi kuma GCaMP da ya kama kalsiyam sai ya ƙara haske. Ke nan ƙwayar da ke aiki tana ƙyalli, wadda ke hutawa tana dushewa. Ana kallon wannan ta hanyoyi da yawa: da madubin lesa da Winfried Denk da James Strickler da Watt Webb suka ƙirƙiro a Jami'ar Cornell a 1990, wanda ke hango abin da ke ƙarƙashin saman ƙwaƙwalwa, ko da ɗan ƙaramin madubin da bai kai giram 2 ba wanda ɓera ke yawo da shi a ka, ko kuma ta zaren gilashin nan dai, a tura haske ciki a auna wanda ya dawo. A 2013 har an ɗauki hoton fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiya kimanin 100,000 da ke kan jaririn wani ɗan kifi mai jiki garau, suna walƙiya yana raye.

Da waɗannan kayan aiki aka tada ɓera daga barci a 2007, aka sa ƙosasshen ɓera ya afka wa abinci a 2011, aka farfaɗo masa da tsoron wani ɗaki alhali yana wani ɗakin daban a 2012. Ni dai na ƙishirwa ne ya fi kama hankalina.

A 2015 Yuki Oka da Charles Zuker a Jami'ar Kolumbiya da ke New York suka koma kan ɗaya daga cikin gaɓoɓin nan uku, suka tarar ashe jama'a biyu ce zaune a cakuɗe a cikinta. Da suka haska kashi na farko, ɓeran da ya sha ya ƙoshi sai ya ruga wurin ruwa cikin daƙiƙoƙi, ya yi ta sha muddin hasken yana kunne, har ya kai kusan kashi 8 cikin 100 na nauyin jikinsa, kuma ana kashe hasken sai ya juya baya. Bai kula zuma ko mai da aka ajiye masa ba, bai kuma nemi abinci ba, ruwa kawai yake so. Da suka haska kashi na biyu a kan ɓeran da aka hana ruwa, sai ya rage shansa ƙwarai, alhali jikinsa yana cikin tsananin buƙata. Wayar Andersson ba ta da yadda za ta raba waɗannan biyun. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa kunna ƙwayoyin ƙishirwa abu ne da ɓera yake ƙi, har yakan koyi danna wani maɓalli domin ya kashe hasken, wato dai ƙishirwa matsi ce da dabba ke neman kuɓuta daga gare ta.

Amsar tambayar da na fara da ita ta zo a 2016 daga ɗakin binciken Zachary Knight a San Francisco, a aikin ɗalibinsa Christopher Zimmerman. Su ba kunna ƙwayoyin suka fara yi ba, kallon su suka yi. Suka sa GCaMP a ƙwayoyin ƙishirwa, suka hana ɓera ruwa, suka ga hasken ya hau kamar yadda kowa ya zata, domin jini ya yi kauri. Sai aka kawo ruwa. Tun daga lasar farko hasken ya fara sauka, kowace lasa tana rage shi, kuma cikin kamar minti ɗaya ya koma inda yake a ƙosasshen ɓera, a daidai lokacin ne kuma ɓeran ya daina sha. Jininsa bai canza ba tukuna. Ashe ƙwayoyin da aka ɗauka ma'aunin gishirin jini ne kawai suna karɓar labari daga baki da maƙogwaro, suna lissafin ruwan da ya shiga, suna cire shi daga bashin da jiki yake bi tun kafin ya iso. Sun kuma ga cewa ruwan sanyi ya fi saurin kwantar da ƙwayoyin, har ma da suka ɗora ƙarfe mai sanyi a bakin ɓeran, ba ruwa ko ɗigo, hasken ya ɗan sauka, aka ɗauke ƙarfen ya sake hawa. Haka nan da ɓera ya fara cin abinci, hasken ya tashi tun gishirin abincin bai shiga jini ba, wanda shi ne dalilin da ya sa hannu ke neman kofi ana tsakiyar cin shinkafa.

Daga nan sai bayanai suka riƙa ɗinke juna. A 2018 Oka, wanda a lokacin ya koma jami'ar Caltech ta Amurka, ya gano wasu ƙwayoyin da ke lura da haɗiyar abu mai ruwa-ruwa ita kanta: suna amsawa ko ruwa ne ko ruwan gishiri ko mai, amma idan aka ba ɓera ruwan da aka mayar kamar jeli ya tauna, ba sa motsi. Wannan kuwa yana da haɗari, tunda maƙogwaro bai san bambancin ruwan rijiya da na teku ba. A 2019 Zimmerman da Knight suka nuna akwai bincike na biyu a hanji. Idan ɓera ya sha ruwan gishiri, ƙwayoyin ƙishirwa suna yin shiru da farko, amma jim kaɗan sai su dawo da ƙarfinsu, domin hanji ya ɗanɗana abin da ya iso ya aika da gyara ta wata doguwar jijiya da ta haɗa kayan ciki da ƙwaƙwalwa. Ke nan matakai uku ne: baki da maƙogwaro su yi hasashe cikin daƙiƙoƙi, hanji ya tabbatar ko ya ƙaryata cikin mintoci, jini ya yanke hukunci daga baya. Akwai ma hasashen da ya riga waɗannan duka. Charles Bourque da ɗalibarsa Claire Gizowski a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna a 2016 cewa ɓeraye suna ƙara shan ruwa a awa biyun da suka gabaci barcinsu ba don jininsu ya yi kauri ba, sai don agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa ya zuga ƙwayoyin ƙishirwa, kuma idan aka hana su wannan sha sukan farka jikinsu a bushe. Mai tashi sahur ya ɗura ruwan da ba ya jin buƙatarsa yana yi da niyya abin da agogon ɓera ke yi masa ba tare da shawara ba.

Amfanin sanin wannan a garinmu ba ɓoyayye ba ne. A wata ranar jifa, ina cikin samarin unguwarmu da ke raba ruwa fi sabilillahi a hanyar Jamrat, na tarar da wani dattijo, daga harshensa na ji mutumin ƙasar Katsina ne, zaune a bakin titi, laimarsa a naɗe a kan cinya, leɓɓansa sun tsattsage. Na miƙa masa gora mai sanyi. Ya buɗe, ya yi bismillah, ya kurɓa sau biyu, ya rufe, ya cusa ta a jakar da ke rataye a wuyansa. Na ce, “Baba, ka shanye mana, akwai wata.” Ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ai ƙishirwar ta tafi. Kuma banɗaki da nisa, ga layi.” Gaskiya ya faɗa mini, ƙishirwar ta tafi, domin sanyin da ya taɓa bakinsa da haɗiyar da maƙogwaronsa ya yi sun isa su kwantar da ita na ɗan lokaci. Abin da bai tafi ba shi ne gibin ruwan da zufa ta kwashe tun asuba. A kan tsofaffi abin ya fi tsanani, kuma wannan a jikin mutane aka gwada shi tun kafin zuwan fasahar haske: a wani bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 1984, an hana lafiyayyun dattawa da samari ruwa na awa 24, sodiyam ɗin dattawan ya fi hawa, amma sun fi samarin ƙarancin jin ƙishirwa, da aka kawo ruwa kuma ba su sha abin da zai mayar da jininsu daidai ba. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma hukumomi sun sanar da rasuwar mahajjata 1,301. Bugun rana yana da dalilai da yawa ban da ƙarancin sha, akwai doguwar tafiya a ƙasa da rashin inuwa da ciwon suga da na zuciya, amma ƙarancin sha shi ne wanda ɗa ko jika da ke rakiyar tsoho yake da iko a kansa. Ba cewa nake yi a guji ruwan sanyi ba, hasali ma mutane sun fi shan mai yawa idan da ɗan sanyinsa, kuma yana taimaka wa jiki. Abin da nake cewa shi ne, “na ƙoshi” daga bakin dattijo a tsakar ranar Mina hasashe ne na maƙogwaro, don haka gara a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kan lokaci, a kuma lura da launin fitsarinsa, sai dai wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ƙoda ko zuciya, shi kam umurnin likitansa zai bi.

Duk abin da na lissafa na haske a kan dabbobi aka yi shi, galibi ɓera, kuma akwai dalilan da suka sa ya tsaya a can. Haske ba ya nisa a cikin ƙwaƙwalwa: shuɗin haske kafin ya ci milimita ɗaya ya warwatse ya rasa mafi yawan ƙarfinsa, wanda ya isa ga ɓera amma ba komai ba ne a kan mutum. Idan aka ƙara ƙarfinsa sai ya ɗumama wurin, ɗumin kuma shi kaɗai yana iya canza aikin jijiya ya rikita sakamako. Walƙiya tana sa ɗaruruwan ƙwayoyi su harba a tare cikin daƙiƙa guda, abin da ba haka suke yi ba a rayuwarsu ta yau da kullum, saboda haka gwajin yana nuna abin da ƙwayoyin za su iya jawowa ne, sai an haɗa shi da kallo kafin a san abin da suke yi da kansu. Ƙyallin kalsiyam ɗin ma yana biyo bayan saƙon ne da jinkiri. Sama da duka, sai an dasa wa mutum ƙwayar gadon gansakuka a ƙwaƙwalwa, dashen da ba a cire shi, kuma garkuwar jiki tana iya ɗaukarsa a matsayin baƙo. Shi ya sa masu cutar karkarwa ta Fakinsan har yau da wayar lantarki ake taimakonsu, hanyar da Alim-Louis Benabid ya buɗe a Faransa a 1987. Hasken da ake amfani da shi a kan mutum lafiyayye na kallo ne kawai: tun 1977 Frans Jöbsis ya nuna cewa hasken da ke gaba da ja kaɗan, wanda ido ba ya gani, yana ratsa ƙoƙon kai, ana iya auna iskar da ke jinin saman ƙwaƙwalwa da shi, kusan yadda ɗan maƙalin da ake sa wa majinyaci a yatsa yake yi. Hulunan jan haske da ake tallatawa a intanet da sunan ƙarin basira ba su da alaƙa da oftojenetik, tunda babu wanda ya dasa wa mai sayen komai.

Wuri ɗaya da fasahar ta shiga jikin mutum har ta nuna sakamako shi ne ido, kuma dalilin a fili yake: ido dama an halicce shi ne haske ya ratsa shi, ƙarami ne, garkuwar jiki kuma ba ta cika zafafawa a cikinsa ba. Akwai wata cutar gado da ke farawa da dundumi tun ƙuruciya, sannan gani ya riƙa tsukewa daga gefe har ya ƙare, saboda ƙwayoyin da ke karɓar haske a tantanin bayan ido suna mutuwa a hankali. Fiye da ƙwayoyin gado 70 ne kowace ke iya jawo ta, kuma yawancin nau'o'inta sai an gado daga uwa da uba duka, saboda haka ta fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita, kamar nan Saudiyya da kuma tsakaninmu. Gwajin kafin aure da aka wajabta a ƙasar nan tun 2004 an kafa shi ne a kan sikila da talasemiya, wata cutar jini ta gado, bai shafi wannan ba. Maganin gado da aka amince da shi a Amurka a 2017 na masu matsala a ƙwayar gado ɗaya ne tak daga cikin waɗancan. Dabarar haske kuwa ba ruwanta da wace ƙwayar gado ce ta lalace: tana tsallake matattun ƙwayoyin ta dasa furotin mai jin haske a ƙwayoyin da ke bayansu, waɗanda zaruruwansu ne suka haɗu suka zama jijiyar gani.

A 2021 José-Alain Sahel da Botond Roska suka ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 58 a Faransa, wanda aka gano masa cutar shekara 40 kafin nan, kuma abin da ya rage masa bai wuce bambance haske da duhu ba. An yi masa allurar a idon da ya fi lalacewa, da wani furotin na gansakuka mai amsa haske ruwan goro, wanda ya fi shuɗi sauƙi ga ido. Da yake hasken rana na yau da kullum bai isa ya motsa furotin ɗin ba, aka haɗa masa tabarau mai kyamara da ke lura da sauyin haske a gabansa ya mayar da shi walƙiya ya harba cikin idon. Bayan watanni yana horo, ya ba da labarin cewa ya hango fararen layukan tsallaka titi. A gwaji, ya kai hannu ya taɓa littafin rubutu da aka ajiye a tebur a kashi 92 cikin 100 na lokuta, ƙaramin kwali kuwa a kashi 36 kawai, kuma na'urar auna lantarkin kai ta nuna cewa ɓangaren gani na ƙwaƙwalwarsa yana amsawa idan akwai abu a gabansa. Idan ya cire tabarau ba ya ganin komai daga ciki, da shi ɗin ma bai kai ga gane fuska ko karanta rubutu ba. Dabarar tana buƙatar jijiyar gani ta kasance da rai, saboda haka wanda hawan jinin ido ya cinye masa jijiyar ba ya cikin waɗanda za ta amfana, haka wanda amodari ya lalata masa gaban ido. Mai yanar ido kuwa ba ya buƙatarta sam, tiyatar da ba ta cika kai rabin awa ba ce maganinsa, kuma ana yin ta kullum a asibitocin Makka da Jidda.